Yaranmu Na Neman Corel, Kwamfutocinmu Na Kan Linux: Ina Mafita?



Tun da muka sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin ɗakin koyon sana'a na ƙungiya daga Windows zuwa Linux, tambaya ɗaya ce take ta dawo mana, a ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, har ta waya: wai me ya sa aka cire wa yara Corel? Wasu da fushi suke tambaya, wasu da zolaya. Mun ga ya dace mu rubuta amsar a wuri ɗaya, dalla-dalla, domin kayan nan da karo-karon jama'a aka saye su, yaran da ke zama a gabansu kuma 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Duk wanda ya ba da sisinsa yana da haƙƙin ya ji yadda aka yi da shi.

Mu fara da abin da ya tilasta sauyin. Kwamfutocinmu duk na hannu ne, irin waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Legas, sannan suka hau mota zuwa Bauchi. Lafiyarsu ƙalau, shekaru ne kawai gare su. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wato ya daina aiko da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Ya ƙara wa'adin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, amma shi wa'adi komai nisansa ranar cikarsa tana zuwa. Ita kuwa Windows 11 ba kowace na'ura take hawa ba. Tana neman wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar sarrafawa ta zamani, wadda a ɓangaren Intel ta kama daga zubi na takwas, da ya fara fitowa a 2017. Namu sun girmi wannan. Akwai masu gyara da ke cusa ta da dabara, sai dai kamfanin da kansa ya ce bai lamunce wa na'urar da aka yi wa haka ba. Ke nan ko mu sayi sababbi, abin da asusun ƙungiya ba zai ɗauka ba, ko mu ci gaba da kwana a ɗakin da aka cire wa ƙyaure, ko mu nemi wata babbar manhajar. Muka ɗauki ta ƙarshe.

Ga wanda bai san Linux ba, misalin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne aikin gayya. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya saki rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya gani, ya gyara, ya ƙara, ya raba wa wani. Dubban mutane da kamfanoni suka shigo gonar, kowa da fartanyarsa. Daga cikinta aka fitar da nau'o'i da yawa, kamar Ubuntu da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, da Linux Mint wadda muka zaɓa saboda fuskarta ta yi kama da abin da yara suka saba. Ba a sayenta, ba a satarta, domin masu ita sun halatta a kwafa. Wayar Android da ke aljihun yawancinmu a kan ginshiƙin Linux take tsaye. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya sun daɗe a kanta, kuma a 2024 wata jiha a arewacin Jamus ta sanar da shirin mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan buɗaɗɗun manhajoji. Ba wani abin gwaji muka ɗauko ba.

A ajin koyon buga rubutu da lissafi ba mu ji kuka ba. Yara suka kama LibreOffice cikin 'yan kwanaki, suna rubuta wasiƙa, suna tsara jadawali, suna shiga intanet su cike fom. Injinan da a da sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo, yanzu suna tashi da wuri. Kukan ya fito ne daga ajin zane, kuma kuka ne mai dalili.

A garin nan, in aka ce zanen kwamfuta, CorelDRAW ake nufi. Ka zaga shagunan buga takardu na wajen Wunti, ka leƙa na Yelwa da Gwallameji inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ke kai aiki, abin da za ka tarar a buɗe ke nan. Katin gayyatar biki, kalandar Islamiyya, takardar shaidar sauka, rasit na shago, tambarin jikin ledar ruwa, fastocin 'yan takara, duk a kansa ake yi. Wasu har yanzu X3 suke riƙe da shi, wanda ya fito tun 2006, wasu X7 na 2014. Yaron da ya je neman aiki, ba a tambayarsa ko ya iya zane; tambayar ita ce ko ya iya Corel. Mai maɗaba'a kuma in ka kai masa aiki, fayil ɗin Corel yake jira ka miƙo, don in ya ga harafi ya karkace ko suna ya yi kuskure ya gyara nan take. Wannan manhaja ba ta hawa Linux. Photoshop da Illustrator na kamfanin Adobe ma haka.

Ɗaya daga cikin yaranmu ya ɗanɗana wannan. Ya samu aikin katin walimar sauka, ya zauna ya tsara shi a Inkscape, ya fito tsaf, ya kai wani gidan ɗab'i a cikin gari. Wanda ke kan na'ura bai ma buɗe fayil ɗin ba. Da ya ga ba na Corel ba ne sai ya mayar masa da filashinsa, ya ce ya je ya koyo aiki tukuna. Yaron ya biya wani ya sake zana masa abin da ya riga ya zana, ribar ta tafi a nan, ya dawo yana cewa shi kam an ɓata masa lokaci. Mahaifinsa na cikin masu yi mana tambayar nan, kuma ba mu ga laifinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya kamata mu sani shi ne ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. Shekara da shekaru masu zane a ƙasashe daban-daban suna roƙon waɗannan kamfanoni su fitar da manhajojinsu a kan Linux. Da yawansu suna cewa abu ɗaya ne ya ɗaure su a kan Windows, shi ne kayan aikin zane. Abin mamaki, kamfanin Corel na birnin Ottawa a Kanada, wanda ya fitar da CorelDRAW a 1989, ya taɓa amsa wannan kira. A 1999 ya fitar da nasa nau'in Linux, a 2000 kuma ya fitar da CorelDRAW 9 mai aiki a kanta. A lokacin kamfanin na cikin matsin kuɗi. A watan Oktoban 2000 Microsoft ya zuba masa jarin dala miliyan 135, a 2001 kuma Corel ya sayar da sashensa na Linux ga wani kamfani mai suna Xandros. Tun daga nan bai sake kawo CorelDRAW kan Linux ba. A 2019 ya koma wa masu kwamfutar Apple da sabon CorelDRAW, amma masu Linux shiru.

Shi Adobe bai taɓa kawo Photoshop kan Linux ba. Daga 2013 ma ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sayen dindindin, ya koma haya: ka biya duk wata, ranar da ka daina biya a rufe maka ƙofa. Sai jama'a suka karkata ga Affinity na kamfanin Serif da ke Ingila, wanda ake saye sau ɗaya. Kamfanin Canva na Ostareliya ya saye shi a watan Maris 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 kuma ya mayar da shi kyauta. Masu Windows da masu Apple suka yi murna. Masu Linux suka duba, babu nasu. Akwai wata manhaja mai suna Wine (sunan ne kawai, babu abin sha a ciki) da ke ƙoƙarin tafiyar da kayan Windows a kan Linux. Tana ɗaukar wasu tsofaffin nau'o'i, amma ba abin da za ka jingina aikin kwastoma da shi ba ne, don yau ta yi gobe ta ƙi. Akwai kuma waɗanda ake buɗewa ta intanet kamar Canva da Photopea, suna aiki a kan Linux lafiya lau, sai dai kowa ya san kuɗin data da halin sabis.

Me ya hana kamfanonin? Lissafi ne na kasuwa. Masu Linux a kwamfutocin tebur da na cinya ba su wuce kashi uku zuwa biyar cikin ɗari ba a yawancin ƙididdigar da ake fitarwa. Kamfani ya ce ba zai ɗauki ma'aikata ya gina wa mutane kaɗan ba. Masu zane su kuma suka ce ba za su koma inda babu kayan aikinsu ba. Kowa ya zuba wa ɗan uwansa ido, shekaru suna ta wucewa. Amma akwai wani ɓangare na lissafin da ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ne ya fi ci mana rai. Kamfani ba ya ƙirga masu amfani da kayansa, masu biya yake ƙirgawa. A littafin Corel, duk shagunan nan da muka lissafa, da na Kano da na Kaduna da na Jos, kusan babu su. Mun gina sana'a sukutum a kan manhajar da mai ita bai san da zamanmu ba. Ko da za mu taru mu rubuta masa takarda mu ce a kawo mana ita kan Linux, tambayar farko da zai yi ita ce lambar lasisinmu.

Nan muka iso maganar da ba a so a faɗa da ƙarfi. Corel ɗin da ke yawo a filashi, wanda mai gyara ke saka maka da kuɗin da bai kai na katin waya ba, fasasshe ne, an karya makullinsa. Ba mugunta ta sa mutane haka ba, farashi ne. Lasisin CorelDRAW ɗaruruwan daloli ne. Hayar Photoshop kaɗai a Amurka ta haura dala 20 a wata. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Ke nan a wannan farashi hayar manhaja ɗaya ta haura naira 30,000 duk wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 yake naira 70,000. Yaron da ke zana katin biki ba zai iya ba, maigidansa ma da ƙyar. Sai dai arhar tana da nata farashin. Kafin a saka fasasshiyar manhaja, abu na farko da ake yi shi ne a kashe mai gadin kwamfutar, wato manhajar da ke kama cuta, don kar ta hana. Wanda ya karya makullin ba don Allah ya yi ba, kuma ba ka san me ya cusa a ciki ba. A kan wannan na'urar ce kuma ake buɗe imel, a ajiye hotunan fasfo da takardun mutane.

Ga kuma doka da addini. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta cikin abin da take karewa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a keta su ba. Mu ba malamai ba ne, fatawa ta malamanmu ce, kuma ba mu zo mu tuhumi mai shagon da ke neman abincin iyalinsa ba. Amma ƙungiya daban take da mutum ɗaya. Muna da rajista, muna da suna, muna rubuta wa hukumomi da masu tallafi takarda da hatiminmu. Ba za mu tara yara mu yi musu nasiha a kan amana da safe, da rana mu koya musu yadda ake karya makullin kayan wani ba. Mu da muke jin zafi in an kwafe littafin marubucinmu ko fim ɗin Kannywood an sayar a bakin titi, ya kamata mu ji nauyin wannan ma.

Duk da haka hujjar iyaye tana nan daram, kuma a zaman da muka yi an faɗe ta ba ɓoye-ɓoye. Wani dattijo ya ce shi bai kawo ɗansa don ya gyara duniya ba, ya kawo shi ne ya koyi abin da zai ci abinci da shi, ga zaɓen 2027 na ƙaratowa, lokacin da mai zane ke samun na shekara a wata biyu. Wata uwa ta ce 'yarta a gida za ta riƙa aiki bayan aure, in maɗaba'a ba ta karɓi fayil ɗinta ba wa zai yi mata zirga-zirga? Waɗannan ba maganganun da za a amsa da wa'azi ba ne. Dole a amsa su da aiki. Shi ya sa muka ɗauki makonni muna gwada kayan da ke hannunmu, mu ga iyakar abin da za su iya.

Ga abin da muka gani. Inkscape ita ce takwarar Corel: tambari, kati, fosta, duk abin da ake ja da layi da siffa tana yi, kuma komai girman da aka buɗa zanen ba ya dusashewa. Wanda ya iya Corel, abin da zai sha wahala a kai shi ne wurin da maɓallai suke da sunayensu. GIMP ita ce ta gyaran hoto, wadda wasu ɗalibai biyu suka fara a jami'ar Kalifoniya a 1995. Nau'inta na 3.0 da ya fito a Maris 2025 ya zo da damar ka yi wa hoto gyara ka dawo ka sauya ba tare da ka lalata asalinsa ba. Scribus ta shirya shafuka ce, irin mujallar makaranta, ƙasida ko kalanda. Krita kuma ta masu zanen hannu ce. Dukkansu kyauta ne, halal ne, kuma suna hawa Windows ma, don haka ko mai shago zai iya saka su kusa da abin da yake da shi ba tare da ya cire komai ba.

Raunin da muka gani guda biyu ne, kuma ba za mu ɓoye su ba. Na farko launi. Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, abin da masu sana'ar ke kira CMYK. Corel da Adobe sun ƙware a nan. Inkscape ba ta fitar da fayil a wannan tsari kai tsaye, shi ya sa koren da ka gani yana walƙiya a allo zai iya fitowa a takarda kamar ganyen da ya kwana. Maganinsa a bi da aikin ta Scribus, ita tana fitar da PDF mai launukan ɗab'i. Ƙarin mataki ne, amma ana koyonsa. Na biyu fayil. Inkscape tana buɗe fayilolin Corel da dama, wani lokaci da 'yar karkata, amma ba ta ajiye aiki a tsarinsa. Gadar da ke tsakani ita ce PDF. Corel yana buɗe PDF, kuma in mai zane ya mayar da rubutunsa siffa kafin ya ajiye, babu harafin da zai sauya a wata na'ura. Su kansu masu Corel suna fama da irin wannan a tsakaninsu, don fayil ɗin sabon nau'i ba ya buɗewa a tsoho, kullum sai an ce wa mutum ya koma ya sauko da shi. Ashe matsalar da aka kori yaronmu a kanta rabinta ta manhaja ce, rabinta ta sabo.

Akwai kuma wata riba da ba mu zata ba, wadda ta shafi harshenmu. Wa bai taɓa karɓar katin da aka rubuta "manyan baki" a maimakon manyan baƙi ba, ko "daurin aure" a maimakon ɗaurin aure? Sau da yawa ba jahilcin mai zane ba ne. Salon haruffan ado da ake kwasowa a filashi ba su da ɓ da ɗ da ƙ, in ka buga sai akwati ya fito, sai mutum ya haƙura ya cire ƙugiyar. A duniyar buɗaɗɗun kaya akwai haruffan da aka yi da mu a zuciya: Charis da Andika na cibiyar SIL, da Noto na Google, duk suna da haruffanmu masu ƙugiya. Ita SIL ɗin har ta yi Alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun ajami na Kano, da Harmattan don rubutun Afirka ta Yamma. Linux kuma tana da tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta. Yaranmu yanzu suna fitar da kati mai cikakkiyar Hausa, da boko da ajami, kuma malaman Islamiyya sun fara lura. Wannan kasuwa ce da ba kowane shago ke kula da ita ba.

Masu cewa kayan kyauta ba sa kai wa matakin ƙwararru, ga labarin Blender, manhajar zanen siffofi masu motsi. Kamfanin da ya mallake ta a Holan ya karye a 2002. Wanda ya ƙirƙiro ta, Ton Roosendaal, ya nemi masu amfani da ita su yi karo-karo a fanshe ta daga hannun masu jari. Cikin mako bakwai aka tara yuro 100,000, aka sake ta ga kowa. A Maris 2025 wani fim daga ƙaramar ƙasar Latbiya mai suna Flow, wanda aka yi shi da Blender, ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane, ya doke na manyan kamfanonin Amurka. Darasin da muka ɗauka shi ne waɗannan mutane ba su tsaya roƙo kawai ba. Sun sa kuɗi, sun sa hannu, sun kai rahoton duk inda ta gaza har aka gyara. Inkscape da Scribus ba su kai nan ba tukuna, kuma ba za su kai ba in kowa ya tsaya yana jira sai sun nuna ya zo ya tsinka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma shi ma sai ana wasa shi.

Saboda haka ga matsayar da kwamitin ya cimma. Kwamfutocin ɗakin koyo za su ci gaba da zama a kan Linux, kuma ba za a saka fasasshiyar manhaja a kan ko ɗaya ba. Za a koyar da zane a matsayin zane: yadda ake daidaita rubutu da hoto, yadda ake barin fili don ido ya huta, zaɓen launi, auna girman takarda, barin gefen yanka, da shirya fayil don injin. Wanda ya san waɗannan, sauya manhaja a wurinsa kamar direba ne ya sauka daga wata mota ya hau wata. Amma saboda mun ji koken iyaye, za mu buɗe asusu na musamman don sayen kwamfuta ɗaya mai ɗaukar Windows 11 da lasisin CorelDRAW na gaskiya guda ɗaya, da sunan ƙungiya. A kanta kowane yaro zai yi makonninsa na ƙarshe, ya san hanyoyinta, don in an tambaye shi ko ya iya Corel ya amsa ba tare da ƙarya ba. A kanta kuma za a saka Affinity tunda kyauta ce. Da wannan lasisin ɗaya mu ma mun shiga littafin masu biya, kuma za mu rubuta wa kamfanin, da shi da Canva, mu ƙara muryarmu a kan ta masu neman a kawo kayan nan kan Linux. Ba mu ce takardarmu za ta girgiza Ottawa ba. Amma kamfani ƙirga yake yi, gara a ƙirga da mu.

Sauran aikin naku ne, 'yan uwa. Masu gidajen ɗab'i da ke cikinmu, da waɗanda ke da aboki ko maƙwabci mai maɗaba'a, muna roƙon a karɓi PDF daga hannun yaranmu, a buɗe a duba kafin a yanke hukunci. In an ga gyara a faɗa musu, wannan ma koyarwa ce, kuma akwai lada. Za mu zaga mu gaishe ku da samfurin aikinsu a hannu. Ɗalibanmu da ke karatun kwamfuta a Yelwa da Gubi da Gwallameji, da na kwalejin Tatari Ali, muna buƙatar ku ko da awa biyu ne a ranar Asabar. Ƙofar fassara waɗannan manhajoji a buɗe take ga kowa. Malaman Hausa da ke cikinmu, babu abin da zai hana wata rana yaro ya buɗe Inkscape ya tarar da umarninta da harshen uwarsa, in mun zauna mun yi. Masu tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado saboda an ce ta tsufa, kar a sayar wa 'yan gwangwan, a kawo mu gwada ta. Masu biki da suna da walima kuma, a fara ba yaran gida aikin kati, a biya su kamar yadda za a biya na waje.

Za a karanta bayanin asusun lasisin a taron wata mai zuwa bayan sallar La'asar, a inda aka saba, kuma ma'aji zai zo da littafi don kowa ya ga abin da ya shiga. Wanda ke da ra'ayi saɓanin namu ya zo da shi, ko ya rubuta a ƙasan wannan rubutu. Shawara ce ta kawo mu nan, ita za ta kai mu gaba.

Allah Ya sa wa sana'ar yaranmu albarka, Ya ciyar da mu da halal, Ya ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin koyar da sana'a.